Abijan ɗin Zaidu

Kwana biyu da sakin Zaidu daga gidan kaso, matarsa Kubra ta shigo da sauri.

"Ga Baba nan ya taho daga Dumega. Kar ka manta, na shaida wa kowa cin rani ka tafi Abijan shekara ukun nan. Ka san halinsa, in ya ji gaskiya, yau zai tafi da ni."

Surukin ya zauna bisa tabarma yana jan carbi, fuska a murtuke. Zaidu ya durƙusa yana zufa, ya dinga zuba labarin teku da dogayen benaye, alhali bai taɓa wuce Dosso ba.

Ana cikin haka iska ta buga ƙyauren kwano da ƙarfi. Zaidu ya miƙe zumbur, ya ƙame kamar yana gaban shugaban gandirobobi.

"Ga ni, shef!"

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. Ya jira sai da Kubra ta tafi damo fura, sannan ya matso ya rage murya.

"Zauna, ɗana. Ni ma na yi shekara biyu a wannan Abijan ɗin tun ba a haifi matarka ba. Ɗakin nan na kusa da ƙofa, har yanzu yana yoyo?"