Fetur Zalla

"Zuba mini mai, Hamma. Ɓarayin suna hanyar Keana da shanunmu, ba su yi nisa ba," in ji Yero, yana ɗaure adda a bayan babur.

Sha'aibu ya dubi ƙanen nasa. Tun safe yake roƙonsa: mutanen nan da bindigogi suke, shanu ba su kai rai ba. Yero ya ƙi ji.

Babur ɗin irin na shiga daji ne, wanda sai an gauraya masa man inji cikin fetur, in ba haka ba injin ya yi zafi ya buga. Kullum Sha'aibu ne ke haɗawa. Ran nan ya juya baya, ya girgiza galan kamar ya haɗa, ya ɗura fetur zalla. A ransa, gara inji ya mutu a hanya, yaron ya turo babur zuwa gida Akurba yana fushi.

Yero ya goya abokinsa Yahya, suka tafi.

Gab da magariba Yahya ya dawo shi kaɗai, riga duk jini.

"Sai da ya kai kansa wurinsu ko?" Sha'aibu ya tambaya.

"A'a, Hamma. Muna hango su ya ce maganarka gaskiya ce, ya juyo gida. Suka biyo mu a ƙafa, har mun ba su rata." Yahya ya fashe da kuka. "Sai injin ya buga. Ni na shige ciyawa, shi suka harbe. Wallahi ban san abin da ya sami babur ɗin nan yau ba."