Rubutun Cikin Jita

Wata mata ta ɗora jita a teburina, ta ce, "Ta marigayi mahaifina ce. Baba, a gyara min, a kuma duba shekarunta."

Wuyan ya lanƙwashe, tsirkiya biyu suka rage, gumin hannu ya cinye fentin. Takardar kamfanin ma ta goge tas. Sai na zura ɗan madubina ta ramin cikin jitar, don mu masu gyara mukan bar alama inda ido ba ya kaiwa.

Rubutun fensir ne, a juye cikin madubin, amma ban sha wahalar karantawa ba: "Wannan ce ta ƙarshe. Gobe zan bar shagon nan." A ƙasansa kwanan wata, shekara talatin da huɗu ke nan.

Na ɗago kai. Teburin nan ne dai, da tagar nan da ba ta buɗuwa. Ƙofa kuwa taku uku ce daga kujerata.

"Ka gane wani abu?" in ji ta.

"Na gane mai gyaran."

"Allah sarki! Ko yana ina yanzu?"

Na buɗe gwangwanin gam.

"Ki dawo ran Alhamis, 'yata. Kullum yana nan."