Ta Ina Iskar Take Shiga?

"Har yanzu?" Gitonga ya daka tsawa, ganin matarsa Makena tana karkarwa a kujerar gefensa. Ya juya ɗan jirgin saman da ya shekara shida yana ƙerawa da hannunsa, suka sauka a garin Nanyuki.

Karo na huɗu ke nan. Ya liƙa soso a bakin ƙofar jirgin don tare iska, ya yanka tsohon tiyub na keke ya manna, duk a banza. Ga shi ya cika baki a gaban surukai cewa ta sama zai kawo ta bikin ƙanwarta ranar Asabar.

Ya tura jirgin cikin rumfa, ya miƙa mata tocila, ya rufe kansa a cikin jirgin.

"Maman Kendi, haska ta waje!"

Ko ɗigon haske bai shigo ba. Ya doki ƙofar da ƙafa.

"To ta ina wannan shegiyar iskar take shiga?"

Makena ta kashe tocilar.

"Baban Kendi, wa ya ce maka sanyi nake ji? Tsoro ne. Kai ne fa ka kafa kantar kicin da ta faɗo mini a ka."