Kabarin Haruko

Duk kaburburan maƙabartar Japanawa a jere suke, ban da wani ɗan ƙarami da ya karkace shi kaɗai. A dutsensa an rubuta Haruko Morita, 1941.

Husainatu, ɗaliba mai bincike, ta daɗe tana bin sawun gidan Morita, mai ɗaukar hoton da ya zauna a Kuala Lumpur zamanin Turawa. Da yaƙi ya ɓarke aka kwashe Japanawan garin zuwa sansani a Indiya. Can shi da matarsa suka mutu. Malaminta a jami'ar da ke titin Jalan Semarak ya ce in ba ta samo wanda ya san su ido da ido ba, to ta sake wani bincike.

Amma kabarin 'yarsu Haruko kullum a share yake, ko ciyawa babu.

Sai Husainatu ta riƙa zuwa tana jira. Wata Juma'a da hantsi taksi ta sauke wata tsohuwa mai farin hijabi. Ta dogara sanda har bakin kabarin, ta ɗaga hannu tana motsa baki. Husainatu ta matso ta kasa kunne. Fatiha tsohuwar take karantawa.

Da ta shafa, Husainatu ta gaishe ta da Malayancin da ta iya. Tsohuwar ta ce Salmah ake kiran ta, a unguwar Chow Kit take.

"Kaka, kin san masu gidan?"

"Na san su, jikata. Wadda ta raine ni wanki take yi musu. Mu biyu ne yara a gidan, tabarmarmu ɗaya. Zazzaɓi ya kama mu tare ana gab da yaƙin, ɗaya ta tashi, ɗaya ba ta tashi ba."

Ta ce Morita ya riga ya ji ƙishin-ƙishin za a zo a kwashe su. Shi da mai wankin suka shiga ɗaki, suka jima, kowa ya fito da jajayen idanu. Sharaɗi ɗaya matar ta kafa: a kwantar da gawar tana fuskantar alƙibla.

"Me ya haɗa 'yar Japanawa da alƙibla, Kaka?"

Tsohuwar ta shafa rubutun dutsen da yatsa.

"Salmah ce a kwance a nan, jikata. Wannan sunana ne."