Kwamfutar Mai Raunin Gani

Ko jakarsa bai ajiye ba ranar Litinin, Manaja ta tare shi a bakin ƙofa, ta karkata da shi zuwa ƙaramin ɗakin nan mai babbar taga. Kwamfuta na kan tebur a kunne, an goge ta sai ƙyalli take.

"Baba, taimako za ka yi mana. Ta wani ma'aikacinmu ce mai raunin gani. Ka daidaita masa ita yadda zai iya aiki, kai ka fi kowa sanin kanta."

Baba Ba-Gyara ya ce to. Me zai ce? Shekara ashirin da bakwai yana buga wasiƙun kamfanin nan, sunan ma a bakin aikin ya samo shi, don takardar da ta fito daga hannunsa sai dai a sa hannu. Ita kanta Manajar shi ya koya mata inda ake ɗora yatsu, lokacin da ko takarda ba ta iya saka wa firinta ba. Yau an wayi gari shi zai shimfiɗa wa magajinsa tabarma. Madalla da sakayya!

Ya san magajinsa ne, ai ba jiya aka haife shi ba. Tun watan da ya wuce ake ƙus-ƙus, wai don ya aika wa iyalan wani abokin hulɗarsu wasiƙar ta'aziyya, mamacin ya zo da ƙafarsa ya yi godiya. Layi ɗaya fa kawai ya tsallake a jerin sunaye. Nan da nan saƙo ya zo daga sama cewa kuskure ɗaya ya rage masa, daga shi sai gida.

Babu wanda ya tuhumi tsohuwar kwamfutarsa, wadda rubutunta ya koma kamar sawun tururuwa. Babu wanda ya dubi ƙwayayen fitilar da ake sayowa yanzu, marasa hasken kirki. Har matarsa ta shiga layi, wai ya je a auna masa tabarau. Tabarau! Ya ce mata idonsa garau yake, kayan zamani ne suka lalace.

To ga maganin da masu hikima suka samo: a kori mai ido, a ɗauko wanda ba ya gani. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ya ja kujera da ƙarfi ya zauna.

Sai da ya kusa manna hancinsa a gilashin kafin ya gano wurin saiti. Ya ƙara girman haruffa zuwa kashi ɗari da hamsin. Ya taɓe baki, ya kai su ɗari biyu. Tunda abin gata ne, a yi shi da kyau mana. Ya mayar da bango baƙi ƙirin, rubutu rawaya. Kibiyar nan da ke ɓuya kullum kamar mai laifi ya kumbura ta ta kai girman ludayi, ya shafa mata ja. 'Yan hotunan da ke kan fuskar kwamfutar ya baje su manya-manya, kowanne da filinsa. Da mugunta yake yi, so yake duk wanda ya leƙo ya yi dariya.

Ya jingina da kujera, sai ya ga daga nan ma yana karanta komai tar.

"Ka ga kaya!" ya ce a ransa. Baƙo an sayo masa mai kyau, shi ɗan gida an bar shi da gwangwani. Illarta ɗaya, harafin "a" yana maƙalewa sai an danna sau biyu, daidai irin na tasa. Kamfani ɗaya, cuta ɗaya.

Manaja ta dawo da wasiƙa mai shafi biyu, ta ce bari ta karanta masa ya buga a gwada. Yatsunsa suka kama gudu kamar dā. Inda ya yi tuntuɓe ya gani da kansa, ya gyara tun kafin ta ɗaga kai. Ta fitar da takardar, ta bi ta layi-layi har sau biyu, sannan ta sauke ajiyar zuciya, idonta ya ciko da ƙwalla.

Ji munafunci! Ta gama haƙa masa rami, kuma ita ce da kuka.

"Babu ko ɗigo, Baba."

"Ai dole. A kan wannan ko jariri ya buga. Allah ya ba shi sa'a, ni ma bari in je in tattara komatsaina tun da mutuncina."

"Ka kashe ta ka sake kunnawa tukuna, mu ga ko saitin ya zauna."

Ya kashe, ya kunna. Wani ƙaton hoto ya cika fuskar kwamfutar: tsoho mai furfura, ya tsuke ido ya murtuke fuska kamar an ci masa bashi. Baba ya yi dariyar takaici. Ashe ma ba yaro suka ɗauko ba, wani ragowar tsoho ne, har da hula irin tasa. A ƙasan hoton an buɗe gurbin lambar sirri.

"To, ranki ya daɗe, mece ce lambar mai gidan?"

Manaja ta riga ta kai bakin ƙofa, ta juyo tana share ido.

"Wadda ka saba ce, Baba, sunan jikarka. Ba mu taɓa komai ba, tebur kawai muka canza mata."