Faifan da Ya Sauya Suna

"Ina kika kai faifan?" Kalilu ya daka wa ƙanwarsa Raihana tsawa a shagonsu na haɗa bidiyo a Daura, gaban wani ango da ya taso daga Sandamu karɓar bidiyon bikinsa.

Ya nuna allon kwamfuta. Faifan ajiyar bidiyo da kwamfutar ta saba nunawa da sunan sdb ya ɓace, wani baƙon faifai ya hau sunan.

"Ni da ke kaɗai ke da makulli. Sata har cikin gida?"

Raihana ta matso gaban kwamfutar. Ta miƙa hannu ta buɗe ma'ajiyar bidiyoyin. Ga bidiyon ango, ga na kowa.

"Yaya, manhajar ba ruwanta da suna, lambar da ke cikin faifai take bi. Naka yana nan, ya koma sdc."

"Me ya ture shi?"

"Sabon da na saka jiya. Naka ya fara ƙara, na ji tsoron ya mutu da aikin mutane."

Sai lokacin Kalilu ya lura da hannunta. Babu zoben gwal ɗin da marigayiya mahaifiyarsu ta bar mata, sai shatinsa a yatsa. Da kuɗinsa ta sayi sabon faifan.

Ango ya kawar da kai. Kalilu ya kasa ɗago nasa.