Rantsuwar Mai Taliya

Duka na farko ya sami Khem a haƙarƙari, har ƙararsa ta iso inda uwarsa ke sayar da taliyar shinkafa. Inna Buaphan ta ɗago kai daga tukunyar romo, ta ga maza huɗu sun kewaye ɗanta a bakin lungu, gefen magudanar ruwa. Ta ajiye ludayi, ta danne hannunta ɗaya da ɗayan.

An fara ke nan.

Shekara da shekaru Khem yana shan duka a fim a madadin jarumai. Shi ake wurgowa daga kan babur, shi ake kwaɗa wa kujera, amma ko sau ɗaya kyamara ba ta taɓa tsayawa a fuskarsa ba. Masu fim na Bangkok kuwa ba sa dukan wasa. Gwiwar hannu ce ta gaskiya, in haƙori ya fita sun sami abin talla. Ko a makon jiya shi kansa ya karya wa wani abokin aiki muƙamuƙi, 'yan'uwan mutumin suka yi ta aiko masa da baƙaƙen maganganu. Sana'ar ke nan. Sai ga shi wannan karon darakta ya ba shi faɗa nasa na kansa, fuska a buɗe, a lungun da aka haife shi.

Matsalar ɗaya ce: uwarsa. Bara da aka zo ɗaukar fim a nan, ta ga ana shaƙe shi, ta faɗa tsakiya ta rotse wa ɗan wasa kai da ludayi. Aikin yini guda ya tafi a banza, aka daina kiran Khem har damina ta wuce. Shi ya sa jiya ya durƙusa gabanta, ya haɗa tafukansa a goshi.

"Inna, a saman benaye za su ɓoye kyamarori, don mutanen lungu su ji tsoro na gaskiya. Ko kin ji ina ihu, kada ki motsa. In kika ɓata wannan, tawa ta ƙare."

Ta rantse masa a gaban hoton mahaifinsa.

Yanzu ga shi yana yi, kuma yana yi da kyau. Ya tashi sama ya saukar wa ɗaya gwiwa a ƙirji, ya juya ya share wa wani ƙafa. Inna Buaphan ta ji ƙirjinta ya cika. Wannan nata ne, ita ta goya shi. Masu cin taliya suka bar kwanukansu, kowa ya ɗaga waya.

Sai na ukun ya zaro guntun ƙarfe daga bayan rigarsa.

Kawu Sanoh mai aski ya fito daga shagonsa a guje, riƙe da sandar goge-goge. Ta sha gabansa, ta buɗe hannuwa.

"Buaphan, kauce! Kashe yaron nan za su yi!"

"Koma ka ƙarasa ƙeyar da ka bari rabi, tsohon banza. Fim ne."

"Fim? Ina mai lasifikar? Ina katifar da suke shimfiɗa masa?"

"Kai da ba ka taɓa shiga sinima da kuɗin aljihunka ba, kai za ka koya musu aikinsu? Taku ɗaya, in juye maka romon nan a kai."

Duk lungun ya san in ta faɗa za ta aikata. Kawu Sanoh ya ja da baya yana gunaguni. 'Yan acaɓar bakin titi ma sun taso, ta daka musu tsawa suka tsaya. Ita kaɗai ta tare lungu, kuma babu wanda ya wuce ta.

Ƙarfen ya sauka a kafaɗar Khem, bai lanƙwasa ba. Ya sake sauka. Khem ya durƙusa, jini yana bin kunnensa yana shiga wuyan riga.

"Kai, jinin nan nasu na zamani kamar gaske," in ji wata mai sayar da mangwaro.

Inna Buaphan ta ɗaga kai sama. Tana ta leƙen tagogin benaye, tana zagin darakta a zuci, shi da danginsa. Wane irin marar tausayi ne ba zai ce ya isa ba?

Khem ya ɗago fuska. Ido ɗaya ya rufe. Da ɗayan ya nemo ta a cikin taron.

"Inna!"

Ƙafarta ta yi gaba da kanta. Ta dawo da ita. Ta juya masa baya, ta ɗauki wuƙa ta hau yanka albasar da ba ta buƙata.

"Inna..."

Ta ci gaba da yanka har ta daina jin komai sai ƙarar babura. Mazan huɗu sun hau sun tafi. Lungu ya ɗauki tafi da fito. Khem yana kwance yadda suka bar shi, kumatu a kan siminti, ko yatsa bai motsa ba. Ya iya aikinsa, ba zai tashi ba sai an ba da izini. Wani yaro ya nufe shi, ta janyo shi da wuyan riga. Sannan ta zuba wa ɗanta taliya a babban kwano, da barkono da yawa yadda yake so, ta tsaya tana jira.

Wani ɗan acaɓa ya tsaya a bayanta, ya sauke fasinja. Namtan ce, yarinyar da ke kai wa 'yan wasa saƙon darakta, tana cire hular kwano tana haki.

"Inna, ina Khem? Tun safe wayarsa ba ta shiga. Ki ce masa darakta na kwance da zazzaɓi, an ɗaga aikin sai jibi, yau ko kyamara ba mu fito da ita ba."